Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne, ku faɗa wa manhajarku!

Jama'a, yau darasin da faɗa zai zo, kuma da masu rubuta manhaja nake.

BVN ta zo a 2014, aka ɗauki yatsun mutane. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, a Afrilun 2022 aka hana waɗanda ba su haɗa ba kiran waya. Haɗa bayanai abu ne mai kyau, babu musu. Amma in bayanan suka ƙi haɗuwa, wa ke biya? Manomi ne a Dingyadi zai bar gona, ya biya kuɗin mota zuwa Bodinga ko Sakkwato, wai ya "gyara suna". Shi bai ɓata komai ba. Wani ne ya rubuta masa Muhammad a banki, wani ya rubuta Mohammed a wurin rajista, alhali a gida Mamman ake ce masa.

Sannan ga batun sunan ƙarshe. A nan mutum da garinsu ake saninsa: Shagari, Tambuwal, Dingyadi. Fom ɗin da aka kwafo daga Turai ya ce sai "sunan iyali". Yau ya sa sunan mahaifi, gobe ya sa na gari, sai kwamfuta ta mayar da shi mutum biyu. Haba!

Kai matashin da ka girka Visual Studio, ka ƙara masa SQL Server Integration Services, ka ja akwatuna biyu ka haɗa da kibiya, kada ka ce ka gama. Wannan ko yaro zai yi. Aikin yana tsakiya, wurin tace bayanai kafin a zuba su. In rajistar ɗalibai za ka haɗa da ta kuɗin makaranta, ko ta 'yan ƙungiyar manoma da asusunsu, lamba za ka riƙe a matsayin mabuɗi, ba rubutun suna ba. NIN lamba 11 ce, ba ta da Mamman ba ta da Muhammadu. Inda babu lamba, akwai Fuzzy Lookup a cikin SSIS ɗin nan, mai zaƙulo sunaye masu kama da juna. Abin da ya ƙi daidaituwa kada manhajarka ta jefar da shi shiru, tura shi wani tebur daban, mutum mai ido ya duba.

Ranar haihuwa ma kada ka dogara da ita. Ka taɓa ƙirga mutum nawa aka rubuta wa 1 ga Janairu a rajistar garinku?