Zuwa Ga Matasan Soron Ɗinki Masu Tallar Kaya Ta Imel



Allah ya yi muku albarka, kun kai aikin allurar unguwar nan, daga riga aska takwas zuwa hula ƙube, gaban masu saye a Yamai da Landan. Amma akwai ɗabi'arku da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da Sallah ta ƙarato sai ku kwaso adireshin mutane birjik, wasu saye, wasu tsintuwa, ku watsa musu saƙo iri ɗaya, kansa GARABASA da manyan baƙaƙe, cikinsa hoto zalla ba rubutu. In kuma rasit ɗin abokin ciniki na gaskiya ya faɗa akwatin tarkace, sai ku ce Gmail na tsangwamar 'yan Najeriya.

Ba na musun cewa 'yan 419 sun shafa mana kashin kaji. Sai dai na'urar da ke tace saƙonni halin mai aikowa ta fi dubawa. Tun Fabrairun 2024 Google ta shimfiɗa sharaɗi ga kowa, Bature da Bahaushe: adireshin kasuwancinka ya zama yana da SPF ko DKIM, wato shaidar cewa saƙon daga gare ka ya fito, mai tura saƙo 5,000 a rana ya haɗa duka biyun, ya ƙara DMARC da hanyar ficewa da dannawa ɗaya, ƙorafi kuma kada ya kai mutum 3 cikin 1,000. To, wa ke danna ƙorafi in ba wanda bai san ka ba? Kuna cewa ko mutum ɗaya ya saya an ci riba. Wace riba, alhali haushin baƙi ya sa daga ranar wasiƙarka ba ta isa ga wanda ya biya kafin alƙalami yana jiran ɗinkinsa? Fataken Gwanja na zamanin Alhassan Ɗantata ba sa baje haja a baƙon gari sai ta hannun fatoma da ya san su. Ku kuwa ko sallama babu! Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ba mutum 'yancin hana a aika masa talla.

Ku yi haƙuri da zafin harshena, kishin sunan unguwa ne. Don Allah ku goge adireshin duk wanda bai ba ku da kansa ba, ku raba adireshin talla da na rasit, ku roƙi abokan ciniki su ajiye naku cikin lambobinsu.

Allah ya ba da kasuwa. Wassalam.