Ragwanci ba ya dusar da ido

A ƙauyukanmu na tsakanin Tambuwal da Kebbe, ciwon da bai kumbura ba, bai zub da jini ba, bai kawo zazzaɓi ba, ba ma kiransa ciwo. Suna uku muke laƙaba masa: ragwanci, raunin imani, ko taɓin iska. Duk ukun hukunci ne ba shaida, kuma majinyacin ke biyan tara.

'Yar ƙanwata shekararta 26, 'ya'yanta biyu. Da sassafe takan ɗauki taɓarya kamar kowace mace. Kafin hantsi ya dubi ludayi hannunta ya mutu, taɓaryar ta suɓuce, ta jingina da rumbu tana haki. Uwar miji, wadda take kira Inna, ta harare ta ta ce, "Lahiyatta lau, ragganci na." Mai kemis ya ce taifot ne, ya ɗaura mata ruwa leda biyu. Da ta koma kuka ba dalili, barci ya ƙaurace mata, aka ce ba ta da tawakkali. Da idonta na hagu ya dushe mako biyu sannan ya washe, aka ce mutanen ɓoye ne, aka turara ta da hayaƙi. Sai bayan shekara biyu aka kai ta Sakkwato, hoton MRI ya nuna tabo a ƙwaƙwalwa da laka.

Likitoci na kiran ciwon MS. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya gwaguye robar wayar lantarki, saƙo ya riƙa yankewa a hanya. Charcot, likitan Faransa, ya bayyana shi tun 1868. Yakan fara tsakanin shekara 20 da 40, ya fi kama mata, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke fama da shi a duniya. Kusan takwas cikin goma na masu shi suna fama da gajiyar da barci ba ya gusarwa, kusan rabinsu kuma sukan gamu da ciwon damuwa. Fargabar yaushe zai sake tashi ba ta barinsu su sake. Zafi na tsananta alamunsa. To, a auna macen da ke gaban murhu a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ana ce mata raguwa.

Za a ce ai ciwon Turawa ne. Gaskiya ya fi yawa a ƙasashen sanyi. Amma wanda bai leƙa rijiya ba, ta yaya zai rantse ba ruwa? Mata nawa daga Kebbe aka taɓa yi wa wannan hoton? Ko ma ba shi ba ne, ƙarancin jini, ciwon suga da damuwar bayan haihuwa duk da wannan fuskar suke zuwa, kuma duk gori ɗaya muke tarbarsu da shi.

Masu jingina damuwa da raunin imani kuwa, su tuna baƙin ciki ne ya tafi da ganin Annabi Yaƙub. Wa zai ce ba shi da tawakkali? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk iliminsa na addini, ya zauna ya rubuta littattafai kan magani. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma a ɗaure raƙumi.

Tun Janairun 2023 Nijeriya ta yi sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta binne ta 1958. Mu kuwa har yau sunan asibitin ƙwaƙwalwa na Kware zagi ne a bakinmu, alhali can ake maganin damuwa.

Idan matarka ko surukarka ta ce ta gaji, ga mutuwar hannu ko dushewar ido, ka karɓi taɓaryar, ka nemi kuɗin mota zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. 'Yar ƙanwata ba ta warke ba, tana dai kan magani. Amma ranar da aka faɗa mata sunan ciwonta, abin da ta fara cewa shi ne, "Kawu, ka gaya wa Inna."