Lasifika shida ko sauti mai yawo a ɗaki?

Duk wanda ya sayi lasifikokin nan shida da ake kira 5.1 ya shigo da doka cikin falonsa. Ɗaya za ta zauna a gabansa sak, biyu hagu da dama a kusurwar digiri 30, biyu ta bayan kafaɗunsa wajen digiri 110, sai babbar mai gurnani a ƙasa. Tun wurin haɗa fim aka ɗaure kowane sauti ga lasifikarsa. Idan ƙofa ta faɗo inda ta baya ya kamata ta zauna, ka matsar da ita, to motar da aka nufa ta biyo ka ta baya sai ta ɓullo ta gefe. A kan wannan doka tsarin Dolby Digital ya shiga gidajen silima a 1992, da fim ɗin Batman Returns.

A 2012 kamfanin Dolby ya zo da Atmos, aka fara shi da fim ɗin Brave. A nan mai haɗa sauti ba ya cewa a tura ƙarar jirgi lasifika ta huɗu. Yana ba ƙarar mazauni ne a sararin ɗaki: ga ta sama, ta hagu, tana tafiya dama. Na'ura ce ke duba lasifikokin da ke akwai, ta raba musu aiki. A silima tana ɗaukar sautuka har 128, ta watsa su ga lasifikoki har 64, ciki har da na rufi. DTS:X ya biyo baya a 2015.

Ni dai ina bayan sabon tsarin, domin ban san magidancin da ya jera kujerun falonsa don ya gamsar da lasifika ba. Amma mai karatu ya yi hattara, na'ura ba ta ƙirƙiro sauti daga inda babu abin da zai fitar da shi. Doguwar lasifikar nan da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, mai tambarin Atmos, harba sauti take yi sama don ya doki silin ya dawo. Tana bukatar silin shimfiɗaɗɗe, marar tsawo sosai. Namu kuwa, mai ado hawa-hawa da fanka a tsakiya, tarwatsa shi yake yi. Wayar hannu ma ana manna mata tambarin, alhali lasifikokinta ba su fi ƙwayar wake ba, sai fa in an sa abin kunne, wanda ke yaudarar kunnuwa biyu da kyau.

Sannan dole fim ɗin ya zama da Atmos aka haɗa shi tun asali, in ba haka ba canki-canki kawai na'urar ke yi. Mai kuɗi ƙalilan da ya nemi shawarata, cewa nake ya sayi lasifikoki biyu nagari, ya aje su daidai tsawon kunnensa in yana zaune.