Mu Koyi Turanci: Zancen Sanyi Da Zafi Da Ruwa

Darasinmu na wannan mako a kan yanayi ne, watau yadda ake tambayar sanyi da zafi da ruwan sama da Turanci, da kuma yadda ake amsawa.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara riƙewa shi ne, in mutumin Ingila ya ce maka “Cold today, isn't it?” ba labari yake nema ba. Ya san ana sanyin, ga shi nan ya ƙudundune cikin kwat. Gaisuwa ce, daidai da yadda Bahaushe kan ce “Yaya sanyi?” a amsa masa “Lokacinsa ne,” ko kuwa da damina a ce “Yaya ruwa?” a amsa “Ruwa ya yi gyara.” Saboda haka abin da yake sauraro daga bakinka shi ne “Yes, it is,” ko “Yes, freezing!” In kuwa ka tsaya gardama, ka ce ai jiya ta fi yau sanyi, to, ka zama kamar wanda aka ce wa “Ina gajiya?” ya zauna yana lissafa inda ke masa ciwo.

Dalilin wannan al'ada tasu ba boyayye ba ne. Ƙasarsu tsibiri ce, iska tana taso musu daga Tekun Atlantika, sai a yi rana da safe, a yi yayyafi da azahar, a rufe da hazo da yamma. Ba yawan ruwan ne ya dame su ba: abin da Landan ke samu a shekara bai wuce milimita 600 da 'yan kai ba, alhali Kaduna takan haura 1,000. Amma namu yana da watanninsa, nasu kuwa ba shi da ranar zuwa.

Tambayar iri biyu ce: “What is the weather like?” ko “How is the weather?” Kada a gwama su a ce “How is the weather like?” ko da yake an sha jin haka har daga bakin manyan ma'aikata. Amsa takan fara da “it”: “It is raining,” ana ruwa, “It is windy,” ana iska, “It is cloudy,” akwai gajimare. Ɗalibai kan tambaya, shin mene ne wannan “it” ɗin? Ba kome ba ne. Aikin da “ana” ke yi a Hausa shi yake yi, don mu ma ba mu tambayar wane ne ke yin sanyin in an ce ana sanyi.

To, ga inda Bahaushe ya fi yin tuntuɓe. Kalmar “ji” a Hausa ta haɗa na kunne da na jiki da na hanci, shi ya sa yaro kan ce “I am hearing cold.” Daidai shi ne “I am cold” ko “I feel cold.” Amma “I have a cold” ma'anarta mura nake yi. A lura da wannan ƙwarai, musamman gaban likita, don wanda zazzaɓin cizon sauro ke sa wa rawar ɗari, in ya ce “I have a cold,” ya kai likitan wata hanya dabam. Haka nan ruwa ba ya dukan mutum da Turanci. Maimakon “Rain beat me,” sai a ce “I got caught in the rain,” in kuwa an jiƙe sharkaf, “I got soaked.”

Akwai kuma tarkon “yes” da “no.” In aka ce “It isn't raining, is it?” kuma ba a ruwan, Bahaushe zai so ya ce “yes,” watau ya gaskata mai magana. Bature kuwa “No, it isn't” zai ce. Shi abin da ke faruwa yake amsa wa, ba mai tambaya ba.

Game da lokutan shekara, ni ban yarda da masu fassara “spring” da bazara ba. Bazara ita ce ƙarshen zafi, lokacin da mutanen Sakkwato da Maiduguri ke kwana a tsakar gida. “Spring” kuwa lokaci ne mai ni'ima, bayan sanyi ya wuce, itatuwa suna toho. “Winter” ma ba hunturu ba ne sosai, don namu busasshe ne mai ƙura, nasu jiƙaƙƙe. In za ka ba baƙo labarin ƙasarmu, ka ce “rainy season” da “dry season.” Kalmar “harmattan” tana cikin ƙamus ɗinsu, daga harsunan gaɓar ƙasar Gana ta shiga, amma ba kowane mutumin Landan ya san ta ba, sai ka ƙara masa bayani, ka ce “a dry, dusty wind from the Sahara.”

Ma'aunin daɗi ma ba ɗaya ba ne. In Bature ya ce “Lovely day!” rana ce ta fito, abin da manomin da ya yi shuka ba ya so ya gani kwana goma a jere. A watan Yuli na 2022 ne aka fara auna zafin da ya haura digiri 40 a Ingila, har jiragen ƙasa suka daina tafiya a wasu hanyoyi, alhali wannan abincin yau da gobe ne a Kano cikin Afrilu. Ba'amurke kuwa da wani ma'auni yake lissafi, mai suna Fahrenheit, inda 40 ɗinmu ta zama 104. In ya ce maka “It's forty degrees,” to, nemi rigar sanyi, don digiri 4 da 'yan kai ke nan a lissafinmu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki kalmomin da masu hasashen yanayi ke amfani da su a rediyo.