Shirin Rage Ƙiba Ta Intanet: Darussa Ga Kuyello Da Makamantanta

Bahaushe bai saba ɗaukar ƙiba a matsayin larura ba. Idan magidanci ya ajiye tumbi sai a ce hutu ya karɓe shi, idan kuwa amarya ta yi jiki sai a yaba wa mijinta da iya riƙo. Amma ilimin halittu ya tabbatar da cewa kitsen da ya taru fiye da kima, musamman a ciki, yana share fage ga ciwon suga da hawan jini da cututtukan zuciya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 28 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne. Wannan binciken dai ya nuna cewa kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Wato ke nan ƙiba da tamowa suna zaune a ƙasa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Tun da wayar salula ta shiga kowane lungu, an fara tunanin cewa ita za ta magance matsalar: a ƙirƙiro manhaja, mutum ya riƙa karanta darasi, ya rage ci, ya rage nauyi. An daɗe ana jarraba irin wannan shiri a wasu ƙasashe, kuma sakamakon da aka samu ya cancanci nazari kafin wani ya ɗauko shi ya kai garuruwa irin Kuyello, a gabashin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari.

Darasi na farko shi ne, bayani kaɗai ba ya sauya hali. A wani gwaji da aka buga a shekarar 2001, wata masaniya mai suna Deborah Tate da abokan aikinta na Jami'ar Brown a Amurka suka raba mutum 91 gida biyu. Kashi na farko aka nuna musu shafukan intanet masu bayani kan abinci da motsa jiki. Kashi na biyu kuwa, ban da bayanin, sukan aika da lissafin abin da suka ci kowane mako, wani ƙwararre ya duba ya mayar musu da amsa. Bayan wata shida, 'yan kashi na farko sun rage kimanin kilo 1.6, 'yan kashi na biyu kuwa kilo 4.1. Intanet ɗin ɗaya ce. Bambancin shi ne akwai mutum a ɗaya gefen da ke sa ido.

Jami'ar Southampton ta Ingila ta sake gwada abin da mutane sama da 800, ta hanyar wani shiri mai suna POWeR+, aka kuma buga sakamakon a 2016. Daga cikin waɗanda suka bi shirin tare da ganin nas ido da ido, kashi 29 cikin 100 sun rage aƙalla kashi 5 cikin 100 na nauyinsu bayan shekara guda. Waɗanda nas ta riƙa tuntuɓa daga nesa, ta waya ko wasiƙar intanet, kashi 32 ne suka kai wannan matsayi. Abin lura a nan shi ne ba dole sai an yi doguwar ganawa ba. Tuntuɓa kaɗan daga ma'aikacin lafiya ta wadatar, muddin mutum ya san akwai mai tambayarsa.

Kada kuma a raina kashi 5 ɗin nan. Ga mai kilo 90, kilo huɗu da rabi ke nan. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002, mai ɗauke da mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, ya nuna cewa ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyi tare da motsa jiki na minti 150 a mako ya rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100, alhali ƙwayar metformin kashi 31 ta rage.

Darasi na biyu ya shafi yadda ake auna nasara, kuma shi ya fi muhimmanci ga ɗalibin kimiyya. A gwajin Southampton akwai kashi na uku da aka ba su takardun shawara kan abinci kawai, ana auna su bayan wata shida-shida. Su ma sun rage kusan kilo uku, kashi 21 cikin 100 daga cikinsu kuma sun kai matsayin da ake nema. Da ba a ajiye wannan kashi don kwatance ba, da an jingina wa manhajar duk nasarar, alhali rabonta bai wuce ƙarin kilo ɗaya da rabi ba.

Wannan darasi ya fi nauyi a ƙasar manoma. Binciken da aka shafe shekaru ana yi a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya ya nuna cewa nauyin manoma yana raguwa da damina, lokacin da aiki ya yi yawa rumbu kuma ya yi ƙasa, sa'an nan ya dawo bayan kaka. Saboda haka duk wanda ya fara shirin rage ƙiba a Kuyello da bazara, ya auna mutane a watan Agusta bayan sun sha noman masara da dawa, zai ga nauyi ya sauka, ya kuma yi murnar abin da fartanya ta yi. Haka nan watan azumi yana iya ruɗa lissafi. Maganin wannan shi ne a sami kashin kwatance daga gari ɗaya, a raba mutane ta hanyar ƙuri'a, a kuma bi su shekara cikakkiya.

Darasi na uku shi ne mutane suna zubewa. A 2005 wani masani mai suna Gunther Eysenbach ya jawo hankalin masu bincike ga cewa yawancin masu fara shirin lafiya ta intanet sukan watsar da shi a hanya. Alal misali, a ce mutum 100 suka fara, 70 suka daina, 30 da suka rage kowa ya zubar da kilo biyar. Mai neman suna zai ce shirinsa na rage kilo biyar. Mai gaskiya kuwa zai raba kilo 150 ga mutum 100, ya sami kilo ɗaya da rabi, sa'an nan ya bi sawun mutum 70 ɗin nan ya ji dalilinsu.

Darasi na huɗu shi ne a yi amfani da abin da ke hannun jama'a. A kudancin Indiya, wani gwaji da aka buga a 2013 ya yi amfani da gajeren saƙon waya kawai ga maza 537 masu alamun farko na ciwon suga. Kashi 18 cikin 100 na masu samun saƙon ne suka kamu da ciwon, a ɗaya kashin kuwa 27. A 2014 ƙasar Sanagal, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fara aika wa masu ciwon suga saƙonnin shawara a watan Ramadan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya buƙaci waya mai tsada. Mutanen Birnin Gwari kuma sun san cewa layin waya ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari, domin a ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa an rufe layukan sadarwa a yankin saboda matsalar tsaro, ba a buɗe ba sai a watan Nuwamba. Shirin da ya rataya ga intanet kaɗai da ya mutu a wannan lokaci.

To, wane irin shiri ne ya dace da Kuyello? Da farko, ya fara da sikeli da tef na awo a ɗakin shan magani, domin alƙaluman ƙasa baki ɗaya ba sa faɗin halin da gari ɗaya ke ciki. Lissafin ba shi da wuya: a raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau kansa. Mai kilo 80 da tsawon mita 1.7 zai raba 80 da 2.89, ya sami 27.7. Ƙasa da 18.5 rama ce, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce sosai. Wannan ma'auni na manya ne. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa 59 damtse ake aunawa, kuma idan bai kai santimita 11.5 ba tamowa ta yi tsanani, sai a garzaya asibiti. A yankin da rashin tsaro ya sha hana manoma zuwa gona, ba daidai ba ne a watsa wa kowa saƙon rage ci ba tare da an san wanda ke karɓa ba.

Na biyu, saƙon ya kasance da Hausa, da murya ga wanda bai iya karatun boko ba, ya kuma yi maganar abincin da ke cikin akushi. A ce a rage malmalar tuwo, a ƙara wake da zogale da rama, a rage mai a miya. A faɗa wa mai shan lemon kwalba cewa kwalba ɗaya mai santilita 35 tana iya ɗaukar giram 35 na suga ko fiye, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini. Na uku, a ɗora wa ma'aikacin lafiya na gari alhakin tuntuɓar mutane, a kuma biya shi haƙƙinsa, domin shi ne ginshiƙin da gwaje-gwajen nan suka nuna.

Malaman kimiyya na makarantun sakandare suna da rawar takawa tun yanzu. Da sikeli ɗaya da littafin rubutu, aji guda zai iya auna manyan da suka yarda, ba tare da rubuta sunayensu ba, sau ɗaya da bazara, sau ɗaya da damina, sau ɗaya bayan kaka. Ɗaliban da suka ga da idonsu yadda nauyi ke hawa da sauka tare da yanayi ba za a ruɗe su da tallan shayin rage tumbi ko wata manhaja ba. Za su tambayi mai tallan mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta su, nawa ne kuma suka tsaya har ƙarshe.