Masu Tara Kwabo Su Kiyaye Mutuncinsu A Banki

A Ɗankaza ta ƙaramar hukumar Wudil, kamar sauran garuruwan ƙasar Kano, ba a rasa gidajen da idan aka buɗe adudun tsohuwa ko aka fasa wani daɗaɗɗen asusu, za a tarar da kwabo mai huji, ko sisi, ko sule, waɗanda masu su suka ajiye don wata rana, har ranar ta zo ta wuce ba a kashe su ba. Yawanci yara ne ke wasa da su a ƙofar gida, ko kuwa 'yan gwangwan su saye su da awo. Amma akan sami ɗaiɗaikun mutane masu sha'awar tattara irin waɗannan kuɗi, suna dubawa, suna ware na wannan shekara daga na waccan, suna adanawa saboda tarihi. Duk wanda ya daɗe cikin wannan sha'awa kuwa, wata rana sai ƙafarsa ta kai shi banki, domin a can ne kuɗin jama'a ke haɗuwa. To, a nan ne ya kamata a yi masa nasiha, saboda abin da yake nema a banki alfarma ce, ita kuwa alfarma da mutunci ake samunta, da mutunci kuma ake riƙe ta.

Da farko dai ya kamata a san cewa aikin mai tara kwabo ba shiririta ba ce. Kalmar kuɗi ita kanta jam'in wuri ce, watau abin da kakannin Hausawa suka yi ciniki da shi shekaru aru-aru. Lokacin da Baturen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza riyal ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500, kuma wuri 20,000 shi ne keso guda. Bayan zuwan Turawa aka fara buga anini da kwabo a 1907, masu huji a tsaka, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci a jikinsu. Anini 10 ne kwabo ɗaya, kwabo 12 kuma sule ɗaya. Cikin waɗannan akwai na 1936 masu ɗauke da sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda bai cika shekara a kan gadon sarauta ba ya yi murabus. Wanda ya san abin da yake nema zai kuma lura da ɗan ƙaramin harafin H ko KN a jikin wasu, alamar ma'aikatar da ta buga su a Birmingham.

A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fito da kuɗin ƙasa na kansa, sa'an nan ran 1 ga Janairu, 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kobo. Sulallan da aka buga a wannan shekara littafi ne a buɗe ga mai son sanin abin da ƙasar ta dogara a kansa: auduga a jikin rabin kobo, rijiyar mai a jikin kobo ɗaya, koko a jikin kobo 5, kwakwar manja a jikin kobo 10, gyaɗa da dalarta a jikin kobo 25. Yaron Ɗankaza da bai taɓa ganin dalar gyaɗa ba, alhali gumin kakansa na cikin waɗanda suka gina ta, yana iya ganinta a tafin hannunsa idan wani ya adana masa wannan ɗan ƙarfe. Kowane ɗaya da ya faɗa cikin wutar maƙera, shi ke nan ya tafi ba dawowa.

Ƙasar da wannan sha'awa ta fi ƙarfi ita ce Amurka, kuma akwai darasi cikin yadda masu yinta suke zama da bankunansu. A can, kwabon da aka buga kafin 1982 kashi 95 cikin 100 nasa jan ƙarfe ne, wanda aka buga bayan nan kuwa tutiya ce aka yi mata shafe. Saboda haka mutum yakan je banki ya sayi kwali guda na dala 25, watau kwabo 2,500, mai nauyin fiye da kilo 6, ya kai gida ya zauna yana tsince na jan ƙarfe da waɗanda ba a cika samu ba, sa'an nan ya mayar da sauran. Banki ba ya cin ribar ko anini a wannan hidima. Shi ke biyan kuɗin ɗauko kayan, ma'aikacinsa ke ɗagawa, shi kuma zai sake ƙirgawa idan an dawo da su. Don haka masu hankali daga cikin masu tsintar suka shimfiɗa wa kansu ladubba: su buɗe ajiya a bankin, su ba da sanarwa tun da wuri, kada su mayar da kaya a reshen da suka ɗauko, kada kuma su zo lokacin da layi ya yi tsawo. Waɗanda suka ƙi kiyaye wannan su ne suka sa wasu rassa suka ɗora haraji a kan hidimar, wasu kuma suka daina ta ɗungum. Tun 2006 gwamnatin ƙasar ta hana narka kwabon, a watan Nuwamba na 2025 kuma ta daina buga shi don hada-hada, saboda kuɗin buga ɗaya ya kusa ninka darajarsa sau huɗu. Tun daga lokacin kwabo ya ƙara wuyar samu, mai tsinta kuwa ya ƙara bukatar alherin ma'aikacin banki.

Halin da ake ciki a Nijeriya ya bambanta, amma darasin ɗaya ne. Ran 28 ga Fabrairu, 2007 Babban Banki ya janye ƙananan sulalla daga rabin kobo zuwa kobo 25, ya fito da sababbi uku: kobo 50 mai zangarniyar masara, naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay, da naira biyu mai hoton ginin Majalisar Tarayya. Har yau waɗannan uku halattattun kuɗi ne a doka, sai dai tsadar kaya ta kore su daga kasuwa, har mai ƙosai ma ba ta karɓarsu. Ke nan mai neman su ba shi da inda ya fi dacewa ya tambaya sai banki. Haka kuma mai neman takardun da suka fara ɓacewa, kamar naira 5 da naira 10 masu rubutun ajami na kafin 2007, ko naira 50 ta bikin cika shekara 50 da samun mulkin kai a 2010, yana bukatar idon mai ƙirga kuɗi, wanda dubbai ke bi ta hannunsa kowace rana. Babu dokar da ta tilasta wa wannan ma'aikaci ya tuna da wani mutumin Ɗankaza sa'ad da ya ci karo da tsohuwar takarda. Idan ya tuna da shi, to, halin mutumin ne ya sa.

Saboda haka abu na farko da ya wajaba ga mai wannan sha'awa shi ne ya zama sananne a reshen da yake hulɗa da shi. Ya buɗe ajiya, komai ƙanƙantarta, ya riƙa motsa ta, domin baƙon da ya faɗo daga sama yana tambayar buhun sulalla ba zai sami komai ba sai kallon tuhuma. Ya kuma faɗi gaskiyar abin da yake nema da dalilinsa. Bai kamata ya fake da cewa canji yake nema wa shago ba, alhali ba shi da shago, gama ranar da aka gane ƙarya ɗaya, duk maganarsa ta baya ta zube. Zai fi kyau ya nemi ganin manaja sau ɗaya, ya nuna masa kaɗan daga abin da ya tara, ya roƙi izni, domin ƙaramin ma'aikaci ya sami natsuwar cewa shugabansa ya sani.

Abu na biyu shi ne sanin lokaci. Wudil gari ne na kasuwa, kuma kowa ya san yadda karar shanu ke tara fatake daga nesa ran Juma'a, da irin kuɗin da ke juyawa kafin ranar da bayanta. Wanda ya zo da jakar kwandala a irin wannan lokaci, ko a ƙarshen wata sa'ad da ma'aikata da 'yan fansho ke layin albashi, ya tsare mutum 20 a bayansa saboda naira 300, ya ɓata wa kansa suna, ya kuma ɓata wa duk mai irin sha'awarsa. Tsakiyar mako da hantsi, bayan layi ya lafa, shi ne lokacin mai neman alfarma. Idan kuwa ƙasa na cikin ƙarancin kuɗi, irin wanda aka gani a farkon 2023 bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, sa'ad da mutane suka riƙa yin sammako suna wuni a ƙofar banki, to, sai mai tara kwabo ya haƙura ya zauna gida har ƙura ta lafa.

Abu na uku shi ne yadda zai mayar da abin da bai bukata. Ya ware kowane iri daban, ya ƙirga, ya ƙulla ɗari-ɗari, ya rubuta adadi a jiki. Kada ya cusa kuɗin da aka daina karɓa cikin masu ci, kada ya saka sefa ko wani ƙarfe don cika lissafi. Ya kamata a tuna cewa idan kuɗi suka gaza a akwatin ma'aikaci da yamma, sau da yawa daga aljihunsa yake cikawa. Mutumin da aka ƙirga ƙullinsa sau biyar aka same shi daidai, na shida da wuya a tsananta masa. Ya kuma riƙa kawowa kaɗan-kaɗan, domin ɗakin ajiyar ƙaramin reshe ba rumbu ba ne. In aka ce masa yau babu, sai ya yi godiya ya tafi, kada ya ɗaga murya yana kiran haƙƙi. Godiya da gaisuwa sun wadatar, amma kada ya kuskura ya miƙa wa ma'aikaci wani abu a ɓoye da sunan goro, domin hakan na iya raba bawan Allah da aikinsa.

Har wa yau akwai iyakar da doka ta shata. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta lalata kuɗin ƙasa, ko na takarda ko na ƙarfe, ta hanyar hudawa ko yagawa ko rage musu nauyi, ya kuma haramta tallarsu da sayar da su. Hukuncin shi ne ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyu. Wanda ya karɓi sulalla a banki da sunan tarihi, ya zagaya ya kai wa maƙeri a narka a yi zobe da awarwaro, ya karya doka, ya kuma ci amanar wanda ya ba shi. Irinsa ne ke sa a rufe wa na kirki ƙofa.

Wani zai ce, ai banki don jama'a aka kafa shi, da kuɗin jama'a yake cin riba, don me mai ajiya zai riƙa lallaɓa shi? Akwai gaskiya cikin wannan magana, amma rabi ce. Karɓar halattaccen kuɗi daga mai ajiya wajibi ne a kan banki. Nemo wa mutum buhun sulalla don ya tsince abin da yake so ya dawo da saura, wannan kyautatawa ce. Wanda ya kasa bambanta biyun zai yi ta rigima a inda ya kamata ya yi roƙo.

Su ma bankuna akwai nasu laifin, kuma ba za a rufe ido a kansa ba. An sha jin koke-koken mutanen da aka mayar da su da sulalla ko da tsofaffin ƙananan takardu, a ce ba a karɓa, ko a bar su tsaye har su gaji su tafi. Wannan ya saɓa wa manufar da ta sa gwamnati ta ƙaddamar da shirin kai bankuna karkara a 1977, watau a jawo mutumin ƙauye ya daina binne kuɗi a tukunya. Hausawa sun ce mai raina kaɗan ɓarawo ne. Manomin da aka wulaƙanta saboda kwandala, ba zai kawo kuɗin shanunsa ba ranar da ya sayar, kuma zai ba da labari a majalisa. Ba abin da zai ragu ga reshe idan ya keɓe sa'a ɗaya a mako don masu ƙananan kuɗi, ya liƙa sanarwa da Hausa a bakin ƙofa, kowa ya san ranar da zai zo.

Babban Banki ya buɗe gidan adana tarihin kuɗi a hedkwatarsa ta Abuja a 2009, amma yara nawa ne daga Ɗankaza za su sami zuwa can? Abin da ke kusa da su shi ne ɗan akwatin malaminsu ko na maƙwabcinsu. Ya dace hukumar ilmi ta ƙaramar hukumar Wudil ta ƙarfafa wa masu irin wannan tari gwiwa su riƙa kai shi makarantu ana nuna wa ɗalibai, manajojin bankuna kuma su ba da hannu. Su kuwa masu tarin, su riƙe gaskiya da haƙuri da sanin ya kamata a duk lokacin da suka tsaya gaban kanta, domin wanda zai zo bayansu da irin wannan bukata, da halinsu za a auna shi. Allah ya sa a gyara.