Wasiƙa Zuwa ga Masu Haɗa Tukunyar Turara Shinkafa

Zuwa ga iyayen gidana da ƙannena masu walda da masu aikin famfo na Nasarawa da sauran unguwannin Birnin Kebbi, har zuwa Argungu.

Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na bai wa manoma rance a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, shinkafa ta kawo muku aikin da ba ku gada ba. Manyan kamfanoni irin su Labana, da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, suna da injiniyoyinsu. Amma ƙananan masu gumi da suka gaji da dafa shanshera a rabin duro, wurinku suke zuwa a ƙera musu tukunyar tururi, a ja bututu zuwa tankin shinkafa. A kan gaɓoɓin wannan bututun nake son mu yi magana.

Hannun da ya saba da ruwan famfo yakan ɗauka duk tafiyar ɗaya ce. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma in an kulle shi a tukunya har geji ya nuna bar 3, zafinsa ya wuce 140. Lita ɗaya ta ruwa kuwa, in ta zama tururi a sarari, wurin lita wajen 1,700 take nema. Famfo in ya yi yoyo ƙasa ce ke jiƙewa. Tururi in ya samu kafa, fatar yaron da ke zuba ƙaiƙayi a murhu ce ke saluɓewa.

Bututun roba kam ba a ma maganarsa. Farin bututun ƙarfe na ruwa ma ku bar shi, don tutiyar jikinsa tana ɓarewa ta toshe bawul, hayaƙinta kuma wajen walda yana sa zazzaɓi. Baƙin ƙarfe mai kauri shi ne na tururi.

Inda aka fi yaudarar mutum shi ne tiredi. Iri biyu ne ke yawo a kasuwa: na Ingila, BSP, wanda aka yanka haƙoransa a digiri 55, da na Amurka, NPT, a digiri 60. A bututu mai rabin inci da mai inci uku bisa huɗu, dukansu haƙora 14 gare su a kowane inci, saboda haka soket ɗin wannan zai hau kan wancan lafiya lau, ka ja da sifana ka ji ya kama. Sai an hura wuta ka ji yana feɗuwa. Sau da yawa gejin da aka cire daga tsohon inji shi ke zuwa da wannan matsalar, maigida kuma ya yi ta ɗora wa yaro laifin rashin ƙarfin hannu. Ku tambayi mai shago irin tiredin kafin ku biya.

Farin tef ɗin famfo yana jure zafi har wajen digiri 260, don haka ya isa, in an naɗa shi daidai. Ka fuskanci bakin bututun, ka naɗa ta hannun da soket zai bi wajen ɗaurewa, zagaye uku ko huɗu, kana ja har haƙoran su fito ta cikinsa. Ka bar haƙori na farko tsirara, kada guntun tef ya tsinke ya je ya maƙale a bawul. In ka ɗaure ya wuce inda kake so, kada ka dawo da shi baya. Kwance gaba ɗaya ka sake naɗi. Zare da fenti, ko tsumma, ko dalma, duk dabarun ruwan sanyi ne. Dalmar ma a digiri 183 take narkewa, kuma tun kafin nan ta saki. Haka gasket ɗin da ake yankawa daga tiyub ɗin mota: kwana kaɗan ya gasu ya farfashe. Ku nemi na girafait, ku ja notocin kishiya da kishiya, kaɗan-kaɗan.

Ƙarfe yana miƙewa. Bututu mai mita 6 yakan ƙaru da kusan milimita 8 in ya ɗauki zafi, to in ka kafe kansa da gindinsa da siminti, a gaɓa zai huce. Ka bar masa lanƙwasa, ka ɗan karkata shi, ka sa mafitar ruwa a ƙasa. Ƙwanƙwasar nan da ake ji da safe in an buɗe tururi, ruwan da ya kwana a ciki ne ke dukan elbo.

Gwaji kuma da ruwan sanyi ake yi. A cika tukunya maƙil, a matsa da famfon hannu har geji ya kai ɗaya da rabi na ƙarfin aikinta, a bi kowace gaɓa da busasshen yatsa. Kada ku ari injin iskar mai faci. Ruwa in ya samu rauni tsiyaya yake, iska kuwa tarwatsa ƙarfe take. Kuma duk gaggawar mai kaya, ba a sa sifana a gaɓa alhali akwai tururi ciki. A janye wuta, geji ya sauka ƙasa, ƙarfe ya huce.

A 1865 jirgin ruwan Sultana ya fashe a kogin Misisipi na Amurka, mutum fiye da dubu suka mutu, kwanaki kaɗan bayan an yi wa tukunyarsa faci na gaggawa don kada lodi ya wuce shi. Wannan gaggawar mun san ta a lokacin kaka, sa'ad da shanshera ke jiƙe mai ita yana tsaye a kanka. Shi ne zai ce a ɗaure bawul ɗin kariya da waya wai yana ɓarnar tururi. Don Allah ku ƙi, ko da zai kai aikin wani wuri. Ku kuma nuna wa matan da za su yi aiki da tukunyar inda allurar geji ba za ta wuce ba, ku shata wurin da jan fenti kafin ku karɓi cikon kuɗinku.